Muhawara: Yaya ake gane ƙarancin tsofaffin littattafan Dungeons & Dragons da darajarsu wajen musaya?

Mazaunin Milwaukee:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawara a kan wani ciniki da aka kawo mini, domin ba na so in sallama abin da ban san darajarsa ba, ba na kuma so in cuci abokina. A makon jiya na je wani gida a nan jihar Wisconsin inda ake sayar da kayan da aka kwaso daga ɗakin ƙasa, na sayi kwali guda na tsofaffin littattafan Dungeons & Dragons, wato wasan nan na kan tebur da mutum ɗaya yake jan labari, sauran kuma kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, a riƙa jefa ƙwayoyi masu lamba don a san wanda ya yi nasara. A ciki akwai manyan littattafai uku masu kaurin bango, Monster Manual da Players Handbook da Dungeon Masters Guide, akwai littattafan kasada guda biyu, wato ƙananan littattafai masu shiryayyen labarin da ake wasa da shi, Keep on the Borderlands da Palace of the Silver Princess mai koren bango, sannan akwai wani ɗan farin kwali da ƙananan littattafai uku a cikinsa.

Wani abokina da muke wasa tare ya ga kayan, sai ya ce zai ba ni nasa Deities & Demigods mai shafi 144, ni kuma in ba shi farin kwalin, ba ni gishiri in ba ka manda, babu ciko daga kowane ɓangare. Ya ce littafin nasa kotu ce ta hana shi, saboda haka samunsa yana da wuya ƙwarai. Na san ba ƙarya yake yi mini da gangan ba, abin da ya ji ke nan. Tambayata ita ce, da wane ma'auni ake auna irin waɗannan littattafai, kuma wannan musaya ta yi daidai?

Dattijon Zaure:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi kyau da ka tambaya kafin ka miƙa hannu. Zan fara da littafin abokinka, domin labarinsa ya fi kowanne yawo a bakin mutane, kuma ya fi kowanne samun ƙari.

Kamfanin TSR, wanda yake buga wasan a wancan lokaci, ya fitar da Deities & Demigods a 1980, aikin James Ward da Robert Kuntz. Bugun farko yana da shafi 144, kuma a cikinsa akwai babi biyu da aka ɗauko daga ƙagaggun labarai, ɗaya na Cthulhu, wani dodo na labaran ban tsoro, ɗaya na duniyar Elric ta marubuci Michael Moorcock. Wani kamfani mai suna Chaosium yana riƙe da izinin yin wasanni da waɗannan labarai, ya yi magana, aka daidaita a kan TSR ta ci gaba da bugawa tare da rubuta godiya gare shi. Daga baya TSR da kanta ta cire babin biyu, littafin ya koma shafi 128, a 1985 kuma aka sauya masa suna zuwa Legends & Lore. Babu kotun da ta hana shi, kuma ba a bi shaguna ana kwashe kwafin da suka riga suka fita ba. An buga shi a lokacin da wasan yake kan ganiyarsa, ana tura shi shaguna ko'ina, shi ya sa har yau da wuya ka duba kasuwar intanet ka rasa kwafi da yawa a ajiye ana neman mai saye. Littafi ne mai daraja, ana son sa, amma sunansa ya fi ƙarancinsa girma.

Idan kana son ganin littafin da aka janye da gaske, dubi ɗan uwan wanda ke hannunka. Palace of the Silver Princess ya fara fitowa a 1981 da bango ruwan goro, rubutun Jean Wells. Shugabannin kamfanin ba su yarda da abin da ke ciki ba, musamman wasu zane-zane, suka janye shi nan take aka lalata mafi yawan kwafin, sannan Tom Moldvay ya sake rubuta shi ya fito da koren bango. Kore shi ne naka, kuma shi ne gama-gari. Suna ɗaya, lamba ɗaya, amma tsakanin farashinsu akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Farin kwalin shi ne abin da nake so ka kula da shi. Wasan ya fara fitowa a Janairun 1974 a garin Lake Geneva, wanda ba shi da nisa da inda kake, aikin Gary Gygax da Dave Arneson. Kwafi 1000 aka buga a karon farko, cikin kwali mai launin katako, a kan dala 10, kuma wannan bugu yau dubban daloli ake ba da shi. Farin kwali ya zo daga baya, kuma shi ma iri-iri ne. A 1977 masu riƙe da haƙƙin labaran marubuci Tolkien suka yi wa TSR barazanar shari'a, sai aka sauya sunayen halittun da aka aro daga labaransa, kalmar hobbit zuwa halfling, ent zuwa treant. Don haka ka buɗe littafi na farko, Men & Magic, ka duba wace kalma ce a ciki. Ka kuma duba murfin kwalin ko akwai wani tambari mai kama da tauraro da aka rubuta Original Collector's Edition. Duk da daɗin sunan, wannan shi ne bugun baya-baya, wanda ya fi yawa. Ka dawo mana da amsa.

Ɗalibin Lissafi:

Baba, Allah ya ƙara ilimi, amma ina da ja a wuri guda. Bayaninka ya tafi a kan yawan abin da aka buga da yawan abin da ya saura, alhali rabin lissafin ke nan. Ɗaya rabin shi ne yawan masu nema. Akwai wasannin ƙananan kamfanoni na shekarun 1970 da 1980 da aka buga kaɗan ƙwarai, waɗanda za ka shekara ba ka ga kwafi ɗaya ba, amma ranar da ya fito babu mai taya shi, domin babu wanda ya taɓa wasa da shi balle ya yi kewarsa. A ɗaya gefen kuma ga Planescape na 1994, wata duniyar wasan da TSR ta fitar, wanda ba tsoho ba ne sosai, ba a kuma janye shi ba, amma cikakkun kwalayensa suna tsada, saboda waɗanda suka tashi da shi yanzu sun girma sun sami abin hannu, ga kuma wasan kwamfuta na 1999 da ya jawo masa sababbin masoya.

Saboda haka ban yarda a rage wa Deities & Demigods daraja don kawai yana da yawa ba. Yawan masu son sa ya sa duk ranar da Yaya ya so sayarwa zai sami mai saye cikin kwana kaɗan. Wannan ma wata daraja ce da ya kamata a sa a ma'auni.

Dillalin Gwanjo:

Yaron nan ya faɗi gaskiya, kuma ni da na shafe shekaru ina sayar da tsofaffin littattafan da ke zuwa cikin dila, zan ƙara da abin da kasuwa ta koya mini. Ban san wasan ba kamar yadda Dattijo ya san shi, amma na san ciniki, kuma ciniki ɗaya ne ko a Kurmi ko a Amurka.

Kuɗin da mai kaya ya yanka ba shi ne farashi ba. Farashi shi ne abin da aka biya aka ce an sallama. Wanda ya shiga kasuwar intanet ta eBay ya ga an rubuta wani babban kuɗi a kan littafi, sai ya ɗauka nasa ma haka yake, alhali mai yiwuwa wancan littafin ya yi wata takwas a wurin babu wanda ya waiwaye shi. Akwai wurin da ake dannawa a nuna kayan da aka riga aka sayar kawai. Can za ka duba, ƙanena, ka tattara ciniki biyar ko shida na watannin nan, ka watsar da mafi tsada da mafi araha, domin mafi tsada sau da yawa mutum biyu ne suka yi zuciya a gwanjo, mafi araha kuma mai kayan ne bai iya rubuta sunan abin da yake sayarwa ba. Abin da ya saura a tsakiya shi ne gaskiyar kasuwa.

Sannan abu ɗaya yana da farashi uku. Akwai wanda mai shago zai sayar maka, akwai wanda mai shago zai saya a hannunka, wanda dole ya yi ƙasa sosai domin zai ajiye kayan ya biya haya ya jira mai saye, akwai kuma wanda za ka samu idan ka sayar da kanka bayan an cire la'adar dandalin da kuɗin aikawa. Cutar da ake yi a musaya ita ce a auna kayan mutum ɗaya da farashin shago, a auna na ɗayan da farashin sari. Idan za ku yi furfure, ku auna duka biyun da mudu ɗaya. In an sami bambanci, mai ƙaramin kaya ya yi ciko, da kuɗi ko da wani littafin.

Game da maganar saurin sayuwa kuwa, na yarda, amma ga wanda yake neman kuɗi da gaggawa take da amfani. Wanda ba ya cikin matsi bai kamata ya ba da abin da ba zai sake samu ba don abin da zai iya saye ko yaushe ya ga dama.

Mazaunin Milwaukee:

Na gode ƙwarai, Baba da Alhaji. Na buɗe Men & Magic, kalmar hobbit ce a ciki, kuma babu tambarin tauraro a murfin kwalin. Sauran biyun su ne Monsters & Treasure da The Underworld & Wilderness Adventures. Sai dai akwai aibi. Kusurwa ɗaya ta murfin ta tsage, ƙarafan ɗinkin littafi na biyu sun yi tsatsa har ta ɗan taɓa takarda, an rubuta wasu lambobi da fensir a gefen shafuka, kuma na karanta cewa ana samun takardun jadawali a cikin kwalin, ni kuwa ban ga ko ɗaya ba. Wani abin da ya dame ni kuma shi ne bangon littattafan kasada biyun duk ya rabu da cikinsu. Manyan littattafan kuwa an rubuta 1977 da 1978 da 1979 a cikinsu, ina fata wannan yana nufin bugun farko ne.

Malamar Laburare:

Ƙanena, bari in kwantar maka da hankali a wuri ɗaya, in kuma rage maka buri a wani wurin.

Bangon littattafan kasada bai lalace ba. Haka TSR take yin su a wancan zamani, bangon daban yake, ba a ɗinke shi da cikin ba, domin a bayansa ake buga taswira, mai jan labari ya tsayar da shi a gabansa yana dubawa ba tare da 'yan wasa sun gani ba. Na sha ganin wanda ya ɗauka gyara yake yi ya sa ƙarfe ya ɗinke su, ko ya manna salatif, da hannunsa ya rage wa kayansa daraja. Kada ka manna komai, kada ka shafa gam a kusurwar da ta tsage, kada kuma ka goge fensir ɗin da ƙarfi, domin takardar ta tsufa, gogewa tana ɗaga fuskarta. Mai saye na gaske ya fi son aibin da yake gani a kan gyaran da bai san abin da aka ɓoye a ƙarƙashinsa ba.

Shekarar da ka gani a cikin manyan littattafan kuwa shekarar haƙƙin mallaka ce, ba shekarar bugu ba. Monster Manual ya fito a 1977, Players Handbook a 1978, Dungeon Masters Guide a 1979, amma an ci gaba da buga su shekara da shekaru da waɗannan shekarun a rubuce. Abin da ake dubawa shi ne tambarin kamfani a bango, domin ya sauya sau da yawa, daga wani mutum mai siffar ƙadangare zuwa boka mai sanda zuwa wata fuska, sai a duba ko akwai lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a duba jerin kayan kamfanin da ake tallatawa a shafin ƙarshe, domin littafin da yake tallar abin da ya fito a 1981 ba zai zama bugun 1978 ba. Daga 1983 aka sake musu zanen bango, gadon bayansu ya koma ruwan goro, waɗannan kowa yana gane su daga nesa. Akwai shafin The Acaeum da masu tara waɗannan kaya suka daɗe suna amfani da shi, ya jera bugu-bugu da alamomin kowanne, ka zauna da littafin a hannu ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan kwafin da ake samu a ɗakunan ƙasa na tsakiyar jerin ne, na wasa ne masu kyau, ba na ajiya ba.

Farin kwalin yana buƙatar bincike iri biyu. Na farko, ka tabbatar littattafan uku da kwalin na zamani ɗaya ne, domin mutane suna haɗa kwalin wani bugu da littattafan wani, wani lokaci da gangan, wani lokaci kuma 'yan wasa ne suka cakuɗa kayansu tun shekaru arba'in da suka wuce. Ka duba kowane littafi daban, kada ka tsaya a kan na farko. Na biyu, ka tabbatar ba jabu ba ne. Ƙananan littattafai ne marasa launi da yawa, masu sauƙin kwaikwayo da injin zamani. Ka sa gilashi mai ƙara girma a kan haruffa. Tawadar tsohuwar maɗaba'a tana shiga cikin takarda, ta injin ofis kuwa tana zaune a samanta tana ɗan sheƙi, da ɗigo-ɗigo a gefen harafi. A nan tsatsar da ta dame ka tana yi maka shaida, haka ma warin tsohuwar takarda da inda ka samo kayan. Amma ka shinshina da kyau, idan warin fumfuna ne, ka ware su daga sauran littattafanka, domin tana yaɗuwa, kuma tana karya farashi fiye da tsagewar kusurwa.

Rashin takardun jadawali ragi ne na gaske. A wannan fanni cikar kaya tana gaba da kyawunsu. Kwali mai ɗan rauni wanda komai nasa yana ciki ya fi mai sheƙi wanda taswira ɗaya ta ɓace, domin ɓangaren da ya ɓace shi ne yake da wuyar samu shi kaɗai. Ka koma cikin babban kwalin da ka sayo, ka karkaɗe manyan littattafan shafi-shafi, domin 'yan wasa sukan cusa irin waɗannan takardu a cikin littafin da suka fi buɗewa.

In kuma wata rana za ka kawo su gida, ka tuna da gara da laimar damina da bushewar hunturu da take lanƙwasa bango. Akwatin ƙarfe a kan katako, nesa da bango, shi ne mafi ƙarancin abin da za ka yi musu.

Dattijon Zaure:

Malama ta gama magana a kan lafiyar kaya, babu abin da zan ƙara. Tunda kalmar hobbit ce a ciki, kwalinka ya riga gyaran 1977, kuma a ganina, ko da aibin da ka lissafa, ya fi littafin abokinka nauyi a ma'auni, muddin binciken da ta ce ka yi ya tabbata. Dalili kuwa shi ne a wancan lokaci wasan bai fita daga hannun 'yan tsiraru ba, ana aika shi ta gidan waya da ƙananan shagunan wasa, ba a fara kai shi manyan shagunan littattafai ba. Deities & Demigods ɗan zamanin yalwa ne.

Ina so in amsa wa ɗana mai lissafi. Ban musa maganar masu nema ba, amma akwai bambanci tsakanin nema mai tashi da faɗuwa da nema mai tushe. Lokacin da nake karatu a Ingila a shekarun 1980, reshen TSR na can da ke Cambridge ya buga wani ɗan littafin kasada mai suna Up the Garden Path don bikin lambuna na ƙasa da aka yi a Stoke-on-Trent a 1986. Ba wani shahararren labari ba ne, kuma kaɗan ne suka taɓa wasa da shi. Yau yana cikin abubuwan da masu tarawa suka fi wahalar samu, domin duk wanda ya ƙudura sai ya haɗa dukan abin da TSR ta buga dole ya bi ta kansa, kwafin kuwa ba su da yawa. Haka Warriors of Mars na 1974, wanda aka daina bugawa saboda magadan Edgar Rice Burroughs, marubucin labaran da aka gina shi a kansu, sun ƙi yarda, haka kuma Lost Caverns of Tsojconth na 1976, wanda aka buga don gasa a Michigan kafin a faɗaɗa shi ya fito wa kowa a 1982. Ƙarancin kaya yana zama kuɗi ne idan kayan yana cikin jerin da mutane da yawa suke son cikawa. Ƙananan kamfanonin da ka ambata ba su da wannan jeri a bayansu, shi ya sa nasu ƙarancin bai haifar da komai ba. Farin kwali kuwa shi ne kan jerin gaba ɗaya.

Ɗalibin Lissafi:

Na karɓi wannan, Baba, kuma ya fi nawa bayanin cika. Sai dai ina da wata tambaya da take damuna, wadda ta shafi gaba. Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya sake buga manyan littattafan nan uku a 2012, ya sake buga wasan asali cikin akwatin katako a 2013, kuma yanzu ana sayen yawancin tsofaffin littattafan a intanet a karanta a kwamfuta, wasu ma a buga wa mutum sabon kwafi a aiko masa. Idan abin da ke ciki ya zama na kowa, me zai hana farashin tsohon ya faɗi? Ina tsoron kada mu ba Yaya shawarar riƙe abin da zai narke a hannunsa.

Malamar Laburare:

Amsarka tana cikin misalin da Baba ya kawo tun farko. Kamfanin ya taɓa sa Palace of the Silver Princess mai bango ruwan goro a shafinsa kyauta, duk mai son ganin abin da ya sa aka janye shi ya gani, amma wannan bai sa kwafin takarda ya zama araha ba. Masu saye iri biyu ne. Mai son ya karanta ya yi wasa, sabon bugu ya wadatar da shi, kuma ficewarsa daga kasuwa tana taɓa farashin kwafin gama-gari masu rauni, irin Keep on the Borderlands da aka riƙa sakawa cikin kwalin masu koyo har ya cika duniya. Mai son abin da aka naɗe aka sa a kwali a Lake Geneva kafin 1977 kuwa, babu sabon bugun da zai ba shi wannan. Abin da ya fi cancanta a ji tsoro shi ne tsufan masu tarawa, domin idan tsara guda ta fara sakin kayanta a lokaci ɗaya kasuwa takan cika. Ko a nan ma, kayan da darajarsu take tsaka-tsaki ne suke fara jin jiki.

Dillalin Gwanjo:

Saura magana ɗaya da ba a taɓa ba, kuma ita ce ta fi damuna, tunda da aboki za a yi cinikin. Ƙanena, duk aibin da ka lissafa mana, ka lissafa masa, har da wanda ba zai gani ba sai ya je gida. Addini ya hana ɓoye aibin kaya, kasuwa ma ba ta yafe shi, domin masu wannan sha'awa ba su da yawa, kowa ya san kowa. Haka kuma kai ma ka karɓi nasa ka ƙirga shafukan da hannunka, ka ga babin biyu da idonka, kada ka tsaya a kan rubutun godiya ko a kan bango. Ka duba ɗinkin littafin, domin manyan littattafai daga nan suke fara mutuwa, ka duba ko an rubuta suna da biro, ko yaro ya shafa wa zanen launi.

Kuma ka gaya masa abin da ka koya game da kwalinka, kada ka ƙi musayar ka bar shi cikin duhu yana zaton rowa ce. Ka nuna masa cinikin da aka riga aka yi na kayan biyu, ku duba tare. In yana son kwalin har yanzu, ya san cikon da zai yi. In kuma kai ne kake son littafinsa, kana da abin ba shi wanda ba kwalin ba, tunda manyan littattafai uku suna hannunka.

Mazaunin Milwaukee:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ga inda aka kwana. Na bi shawarar Malama na karkaɗe manyan littattafan, sai ga takardun jadawali a ninke cikin Dungeon Masters Guide, sun ɗan yi duhu a wurin ninkin amma ba su yage ba. Zan ƙirga su in gwada da jerin da ta ambata kafin in ce sun cika. Na duba littattafan uku ɗaya bayan ɗaya da gilashi, tawadar ta shiga takarda, kuma alamominsu sun yi daidai da juna. Manyan littattafan kuwa, kamar yadda ta faɗa, babu bugun farko a cikinsu, jerin tallar da ke bayan Players Handbook ya nuna haka.

Jiya da daddare na zauna da abokina, na ba shi labarin Chaosium kamar yadda Baba ya bayar, muka buɗe jerin abin da aka riga aka sayar muka duba tare. Ya yi mamakin yawan kwafin irin nasa da suka sayu cikin 'yan watanni, ya kuma ga da kansa cewa kwali mai kalmar hobbit bai cika fitowa ba. Mun ƙirga nasa, shafi 144 ne cif, babin biyu suna nan, sai dai ɗinkin ya fara saki daga gaba. Maganar farin kwali ya janye ta da kansa. Yana da Players Handbook amma ba shi da sauran biyun, don haka na yi masa tayin Monster Manual da Dungeon Masters Guide da koren Palace of the Silver Princess a kan littafin nasa, ya ce in ba shi mako guda ya duba cinikin da aka yi a kansu. Alhaji, idan ya dawo ya ce sai na yi ciko, zan kawo maka lissafin ka duba mini kafin in ce na sallama.